Mai Amya da Mai Takarda

A watan Oktoban 2009 hukumar gandun dajin Kenya ta ba mutanen Ogiek wa'adin kwana 30 su tattara nasu ya nasu su fice daga dajin Mau. Dalilin da aka bayar mai daɗin ji ne: dajin yana ƙarewa, kuma shi ne randar ruwan ƙasar. Ba ƙarya aka yi ba. Daga tuddan Mau koguna da dama ke gangarowa, ciki har da kogin Mara da namun dajin Serengeti ke sha, wasu kuma su zube a tafkin Victoria inda kogin Nilu ke ɗibar ruwansa. In Mau ya bushe, manoman shayi na Kericho za su ji a jikinsu, makiyayan Narok ma haka. Abin da takardar korar ba ta faɗa ba shi ne wa ya cinye dajin.

Ogiek mutanen zuma ne. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san amya, ya san yadda ake ɗaure ta a reshen bishiya a bar ta har ƙudan zuma su tare. Su nasu aikin ya fi namu zurfi, domin rayuwarsu kacokan a kan zuma take. Suna fafe gungumen itace su yi amya, su rataye ta can ƙololuwar bishiya. Sun raba dajin zuriya-zuriya, kowace da yankinta da ya taso daga gangare ya hau tudu, saboda itatuwan ƙasa da na sama ba lokaci ɗaya suke fure ba, ƙudan zuma kuwa fure suke bi. Mutum ba ya ɗaura amya a yankin wata zuriya sai da izini. Itatuwan da ƙuda ke so ba a saransu. Zuma abinci ce, magani ce, tana shiga kayan aure, da ita ake musaya da maƙwabta. Wanda tuwonsa ke rataye a reshe ba ya buƙatar wani ya taso daga birni ya yi masa lacca a kan amfanin bishiya.

Maƙwabtansu Masai, waɗanda arziki a wurinsu saniya ce, suna kiransu da wani suna mai nufin matsiyatan da ba su da shanu. Turawan Ingila suka tsinci sunan, suka rubuta shi Dorobo a takardunsu. Da aka kafa kwamitin filaye ƙarƙashin Morris Carter a 1932, kowace babbar ƙabila ta samu yankin da aka keɓe mata, ko da kuwa an tauye shi. Ogiek ba su samu ko taƙi ba. Shawarar kwamitin ita ce a kwashe su a cusa su cikin ƙabilun da ke kusa su narke. Dajin ya zama na gwamnati, mai amya ya wayi gari ɗan kutse a inda aka binne cibiyarsa. Aka sauke tutar Ingila a 1963, dokar ta zauna daram. A 2001 kaɗai gwamnatin Kenya ta yanke fiye da hekta 60,000 daga Mau da sunan tsugunar da marasa fili, kuma kwamitin binciken filaye na Ndung'u ya bayyana a 2004 yadda filayen gandun daji suka riƙa faɗawa hannun manyan mutane. Kamfanonin katako kuwa da lasisinsu suke shiga.

Ogiek suka kai ƙara. Maganar ta fara zuwa hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka da ke Banjul, daga nan aka miƙa ta kotun Afirka da ke Arusha a 2012. Ranar 26 ga Mayun 2017 kotu ta yanke hukunci, kuma akwai wani yanki na hukuncin da nake so kowane malamin daji a nahiyar nan ya haddace. Alƙalan suka ce gwamnati ta kasa kawo hujjar cewa Ogiek ne suka lalata Mau. Suka ce bayanan da ke gabansu sun nuna ɓarnar ta fito ne daga kutsen wasu mutane, da yankan filin da gwamnati ta yi da hannunta, da lasisin saran katako da aka bayar ba tare da tunani ba. Wato wanda ya yi ɓarnar shi ne ya zo da sanda yana korar mai gadi. A Yunin 2022 kotun ta dawo ta ce a biya su diyyar shilin miliyan 157 da ɗoriya, a shata musu iyakar ƙasarsu, a ba su takardar mallaka ta al'umma gaba ɗaya, kuma kada a sake taɓa wani abu da ya shafe su ba tare da an zauna da su ba.

A Satumban 2023 Nairobi ta karɓi baƙuncin babban taron Afirka kan sauyin yanayi, shugabanni suka yi jawabai masu ratsa jiki. Wata biyu bayan nan, a farkon Nuwamba, jami'an gandun daji suka shiga Sasimwani a cikin Mau suka rushe gidajen Ogiek, wasu aka cinna musu wuta, ɗaruruwan mutane suka kwana a waje ana tsuga ruwa. Hukunci biyu na kotun nahiya suna ajiye a durowa. Saura 'yan makonni a lokacin a buɗe taron yanayi na duniya a Dubai.

Na daɗe a kan wannan labari ne saboda yanzu an shiga yayin cewa a koyi darasi daga 'yan asalin ƙasa. Jami'o'i na faɗa, ƙungiyoyin agaji na faɗa, har bankuna sun koyi kalmar. Kuma yawanci abin da ake nufi shi ne a je a ɗebo iliminsu: wane ganye ke maganin me, yaushe ake cinna wa daji wuta, wace tsuntsuwa ke shelar damina. A rubuta, a buga, a yi musu godiya a shafin farko. Ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Ilimin Ogiek a kan zuma yana raye ne saboda akwai wani yanki na daji da wata zuriya ke da ikon cewa a'a a kansa. Ranar da aka ƙwace wannan iko, ilimin ya koma tatsuniya, jikan mai amya ya tafi Nakuru tuƙa babur. Saboda haka duk wanda ya ce yana son koyo daga waɗannan mutane, tambayar da zan fara yi masa ita ce ko ya yarda su riƙe ƙasar. In ya fara kame-kame, na san yawon buɗe ido ya zo.

Akwai inda aka gwada mayar da iko, ko da rabi ne. A Niyu Zilan, Maori, 'yan asalin ƙasar, na yankin kogin Whanganui sun fara kai kuka majalisa tun shekarun 1870, suna cewa yarjejeniyar Waitangi da Maori suka ƙulla da Ingila a 1840 ba ta ba kowa damar ƙwace musu kogi ba. Sai a 2017 aka yi doka da ta ɗauki kogin, daga tsaunin da ya fito har bakin teku, a matsayin mai haƙƙi a gaban shari'a, aka naɗa masa wakilai biyu, ɗaya daga Maori, ɗaya daga gwamnati. Na san mai karatu zai yamutsa fuska ya ce wannan ai camfi ne, kogi ya zama mutum? Amma ai doka ta daɗe tana ɗaukar kamfani a matsayin mutum, yana kai ƙara ana kai shi, ba mu taɓa cewa camfi ba ne. Mu ma muna da abin da ya yi kama da haka. Hurumin gari ba na sarki ba ne, ba na mai kuɗi ba ne, ba a gadonsa, ba a sayar da shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina ya zama makiyaya, kuma hadisi ya zo cewa Musulmi abokan tarayya ne a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Je ka nemi hurumin garinku yau ka ga gidan mai nawa aka gina a kai.

Amma babban misalin da ya fi kusa da mu yana Maraɗi da Damagaram, kuma abin takaici mutanen Turai sun fi mu saninsa.

A 1935 Faransa ta yi dokar gandun daji wadda ta hau kan dukkan ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. A taƙaice, bishiya ta zama ta hukuma. Gawon da ke tsakiyar gonarka, wanda kakanka ya bari, in ka sare reshensa ba da takarda ba, 'yan gandun daji su ci ka tara. Nijar ta samu 'yanci a 1960, dokar gandun dajin 1974 ta bi sawun ta Faransa kusan taku-da-taku. To me manomi mai hankali zai yi? Duk tsiron da ya leƙo a gonarsa sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa fitina. Malaman gona kuma suna gefe suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Ƙasar da sarakunan Damagaram suka taɓa sa wa saran gawo doka mai tsanani ta koma fili fetal. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, ya dawo a 1984, iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau uku sau huɗu a damina ɗaya. Masana suka ce laifin talaka ne, ya cika haihuwa, ya cika saran itace. Aka zuba kuɗi a dashen itatuwan da aka reno a leda, akasarinsu suka mutu.

A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itace a Maraɗi yana kuma shan kaye, ya tsaya a hanya ya duba wani ɗan kurmin ganye da ya saba wucewa. Ya ga ashe kututture ne na bishiyar da aka sare, saiwarta na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara tana toho ana sassabe ta. In aka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi aka rage sauran, sai su miƙe da sauri, domin saiwar ta riga ta kai ga ruwa. Mutanen yankin suka sa wa abin suna sassaben zamani, ko da yake tsofaffi sun san ba sabo ba ne, abin da aka tsoratar da su suka bari ne. Abin lura shi ne lokacin da ya bazu. Ya bazu ne sa'ad da hannun hukuma ya yi sanyi a ƙarshen shekarun 1980, 'yan gandun daji suka rage sintiri, manomi ya fara jin cewa in ya reni bishiya shi zai mora. Dokokin 1993 da 2004 suka zo daga baya suka sassauta. Da masu bincike suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu, suka ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo sun kai hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200. Ba wani shirin gwamnati ko na agaji a yankin Sahel da ya taɓa dasa ko kusa da haka.

Ina da kawu da ke noma a wani ƙauye kusa da iyaka, ta wajen Jibiya. Wata bazara na same shi a gona da 'yar adda, yana tsugune gaban wani kututturen kalgo. Ya kama tohon ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasawa kamar mai zaɓen rake, ya bar biyu, ya datse sauran, ya ɗaura wa waɗanda ya bari wani tsumma ja don yara masu kiwo su san da mai su. Can gefe ga wani gawo da ya fi shekara 20, ƙarƙashinsa ƙasa baƙa wuluk saboda kashin dabbobin da ke sheƙe ayarsu a inuwarsa da rani. Gawo dai kowa ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye, sai gero ya samu rana da taki a lokaci ɗaya, da rani kuma ya yi kore ya zubo wa awaki 'ya'ya. Na ce, "Kawu, wa ya koya muku wannan?" Ya dube ni kamar na tambaye shi wa ya koya masa cin tuwo. Ya ce, "Ɗan nan, koyo kuma? Bari dai aka yi." Daga baya muna tafiya gida ya nuna min wata gona da ba ko sanda a tsaye, ya ce ta aro ce, mai nomanta bai san ko baɗi za a bar masa ba, don me zai reni itacen wani.

Wannan gonar aro ita ce Mau, ita ce Nijar ta 1974. Ana yawan fassara kawar da mulkin mallaka da canza sunan titi ko sauke gunkin wani gwamna. Ni na fi ganinsa kamar gyauro. An girbe mulkin Turawa tun 1960, amma irin da ya zube yana ta tsirowa a cikin dokokinmu na ƙasa, mu kuma muna yi masa ban ruwa.

A nan dole in taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Kalmar ɗan asali a Najeriya ba ta da daɗin ji a kunnen Bahaushe. Ita ce takardar da ake hana yaron da aka haifi kakansa a Jos, ita ce ta sha jini a Zangon Kataf a 1992 da Jos a 2001. Don haka in Bahaushe ya ji ana batun haƙƙin 'yan asalin ƙasa, sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka wata sabuwar hanya ce ta ce masa baƙo. Ina jin irin wannan fargaba na cikin abin da ya sa Najeriya ta ƙi kaɗa ƙuri'a, ita da Kenya da wasu ƙasashe 9, ranar 13 ga Satumban 2007 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin waɗannan al'ummomi. Amma hukumar Banjul ta riga ta warware wannan ƙulli. Ta ce a Afirka maganar ba ta wa ya riga wa zuwa ba ce, tunda kowa ɗan nahiyar ne. Ana nufin al'ummomin da rayuwarsu ke ɗaure da wani daji ko makiyaya, waɗanda masu mulki suka mayar saniyar ware, ake kuma yi wa sana'arsu kallon ƙauyanci. A wannan ma'auni Ogiek sun shiga, San na Botswana sun shiga, Buzaye sun shiga, Mbororo ma sun shiga. Bafulatanin da aka nome masa burtali aka gine masa mashaya ya fi kusa da mai amyar Mau fiye da ɗan siyasar da ke raba takardar ɗan asali a sakatariya.

Laifi kuma tudu ne. A 1976 da aka zaɓi inda za a gina Abuja, an kwatanta wurin kamar fili ne da ba na kowa ba. Alhali Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, na nan, Koro da Gade da Gwandara da Bassa na nan, da gonakin doyarsu da kaburburan iyayensu. Garki da Jabi da Maitama sunayen garuruwan mutane ne kafin su zama unguwannin masu hannu da shuni. Mun sa hoton Ladi Kwali, 'yar Gbagyi, a takardar naira 20 tana gina tukunya, danginta kuwa ana ta tura su bayan gari duk lokacin da birnin ya yi miƙa. Kuma mu da muke jin haushin sunan Dorobo, mu tuna yadda muke kiran maganar da ba ta fita da kyau gwaranci. Raini ne ke share wa ƙwace hanya. Sai an fara mayar da mutum abin dariya kafin a iya cewa ƙasarsa ba ta kowa ba ce.

Sai batun kuɗi, inda adalci kan sauyin yanayi ke zama magana ko ya zama aiki. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya ta raba sama da miliyan da gidajensu. Wannan ɓangaren kowa ya iya faɗarsa, shugabanninmu sun fi kowa iyawa, domin yatsa yana nuna waje. Ɓangaren da ba a so shi ne abin da ke faruwa in kuɗin ya iso. A taron yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 wasu ƙasashe da gidauniyoyi suka yi alƙawarin dala biliyan 1.7 don taimaka wa al'ummomin daji su tabbatar da mallakar ƙasarsu. Rahoton da masu bayarwar suka fitar da kansu ya nuna a shekarar farko kashi 7 cikin 100 kacal ya shiga hannun ƙungiyoyin mutanen kai tsaye. Sauran ya bi ta hannun 'yan tsakiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yanzu kuma ga sabuwar kasuwa, inda kamfanin da ke fitar da hayaƙi a Turai ko yankin Gulf zai biya kuɗi a bar wani daji a Afirka a tsaye, ya rubuta a littafinsa cewa ya wanke laifinsa. Da zarar bishiya a tsaye ta zama kuɗi, tambayar ta wa ce ta zama ta rai da mutuwa, kuma mai takarda ne ke cin kasuwar. Ga alƙawarin da ƙasashen duniya suka ɗauka a Montreal a 2022 na killace kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa kafin 2030. Killacewa irin wacce? In irin ta gandun dajin Yellowstone na Amurka ce ta 1872, wadda aka kori masu wurin aka ce daji ne da ƙafa ba ta taɓa takawa ba, ko irin ta Serengeti da aka fitar da Masai a 1959, to mun san ƙarshen fim ɗin. A Yunin 2022 ma an sake yi wa Masai na Loliondo a Tanzaniya, aka shata murabba'in kilomita 1,500 na makiyayarsu, aka yi harbi, mutane suka tsallaka Kenya da raunuka.

Na taɓa zama a wani taron bita kan kwararowar hamada a wani otal mai sanyin na'ura. An ɗauko wani dattijo manomi daga ƙauye, an sa shi a layin gaba da babbar rigarsa don masu ɗaukar hoto. Bayan masana sun cinye awa huɗu, aka ba shi minti biyar gab da cin abinci. Bai yi maganar hikimar kakanni ba, wadda ita aka kawo shi ya yi. Ya ce filin da aka kewaye da waya aka dasa itatuwa a garinsu makiyayarsu ce, ba wanda ya tambaye su, kuma yanzu awaki sun shiga sun cinye dashen, an ce su za su biya. Aka tafa masa sosai. Da takardar bayan taro ta fito, an rubuta cewa mahalarta sun jaddada muhimmancin ilimin gargajiya.

Kada a ɗauka ina cewa mutanen karkara waliyyai ne. Buhunan gawayin da ke jere a bakin hanyar Birnin Gwari ba aljanu suka sare itacen ba. A cikin Ogiek ma akwai wanda ya samu fili ya sayar. Yunwa ba ta san al'ada ba, kuma dagaci na iya cinye hurumi kamar yadda gwamna ke yi. Har wani adadi da aka daɗe ana yawo da shi, wai kashi 80 cikin 100 na nau'o'in halittun duniya a ƙasashen 'yan asali suke, masana sun bi diddiginsa a 2024 suka ga ba shi da tushe. Gara da aka faɗa. Hujjar ba ta buƙatar ƙari: binciken da aka buga a 2018 ya nuna aƙalla rubu'in doron ƙasa yana hannun waɗannan al'ummomi ko ƙarƙashin kulawarsu, kuma kaso mai yawa na wuraren da ba a lalata ba a can suke. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da zai zauna da sakamakon shawara ya fi wanda za a yi wa canjin wurin aiki baɗi dalilin yin ta da kyau. Kuma in dagaci ya ci amana, mutanensa sun san ƙofar gidansa.

Mu a Najeriya gyauron namu yana da suna da shekara. A 1910 Turawa suka yi shelar cewa dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon gwamna, wai yana riƙe da ita amana don 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta gaje ta. A 1978 gwamnatin soja ta ɗauki wannan tsari ta shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya, aka kuma cusa dokar cikin tsarin mulki yadda gyara ta sai an sha wuya. A ƙarƙashinta gwamna na iya karɓe gonar da zuriyarku ta noma shekara 200 da sunan amfanin jama'a, a biya ku kuɗin shuka da na gini, ƙasar kanta ba a biyan ko kwabo. Manoman Bakolori sun ɗanɗana wannan. Da aka gina madatsar ruwa kusa da Talatar Mafara, suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu, a Afrilun 1980 aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Masunta da manoman fadamar Haɗeja da Nguru su ma ba wanda ya nemi jin ta bakinsu kafin a datse ruwa a Tiga da Challawa, sai ganin ambaliyar da suke noma da ita suka yi ta canza hali, kachala ta toshe magudanai.

Don haka in za a aike ni taron yanayi na gaba, ba zan fara da neman biliyoyin Turawa ba, ko da yake bashi ne kuma a biya. Zan fara da abin da majalisar jiha za ta iya yi a zama ɗaya: a ba gari damar yin rajistar huruminsa da makiyayarsa da fadamarsa da sunan al'umma, yadda sa hannun mutum ɗaya ba zai iya sayar da su ba. A shata burtali a ƙasa da turaku, da manomi da makiyayi a tsaye a wurin. A rubuta ƙarara cewa bishiyar da manomi ya rena a gonarsa tasa ce, ya sassabe ta, ya sayar da reshenta, ba sai ya nemi takarda ba. Mai gonar aro ma a sa masa wa'adin da zai kai ya ci moriyar abin da ya rena.

Da na koma ƙauyen kawu bayan damina biyu, kalgon nan mai jan tsumma ya fi ni tsawo, har an fara ɗebe masa ɓawo ana igiya. Gonar aron da ke gefe an karɓe ta an ba wani, shi ma ya share ta tas kafin ruwan farko.